Gwiwar Hajiya da amosanin gaɓɓai: me za a yi mata?

Malama, kin ce hoton asibiti ya nuna guringuntsin gwiwar mahaifiyarki ya zaizaye, kina tambaya ko sai an yi tiyata. Allah Ya ba ta lafiya. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma yawancin masu wannan ciwo ba sa kaiwa ga tiyata.

A fara da rage ƙiba in tana da jiki, domin duk kilo 1 da ta rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Sai ƙarfafa tsokar cinya: ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa, ta riƙe daƙiƙa 10, ta sauke, ta yi ta maimaitawa kullum. Tsugunno kuwa ta rage shi, a sa mata masai na zama, in ruku'u da sujada sun gagara ta yi sallah a zaune. Sanda ma ba abin kunya ba ce, a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafar za ta riƙe.

A magungunan rage ciwo kuwa, diclofenac na shafawa ya fi na sha sauƙin illa. Yawan shan ibuprofen yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, ga tayar da hawan jini. Don Allah ki raba ta da haɗin ƙwayoyin 'yan talla. Allurar cikin gwiwa tana kwantar da ciwo na 'yan makonni ne kawai.

In ciwon ya hana ta barci da tafiya, ku ga likitan ƙashi, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, a duba batun tiyatar canjin gwiwa.