Me Ya Sa Ba Na Sakewa Da 'Ya'yan Masu Kuɗi?

Tambaya: Malama, a gidan haya na tashi a Kurna, cikin Kano, yanzu kuma Allah Ya rufa mini asiri ina aiki a Abuja. Sai dai har yau ba na sakin jiki da abokan aikina waɗanda suka tashi cikin wadata, kuma duk wadda ta yi mini kyauta sai in ji kamar bashi ta ɗora mini. Maigidana ya ce ƙasƙantar da kai ne. Shin haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ban ga ƙasƙantar da kai a nan ba. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake aron garwashi da cokalin manja a maƙwabta, tun tana ƙarama take gane cewa ƙawance jingina ne, domin ta ga mahaifiyarta tana riƙe lissafin gudummawar da aka kawo mata ranar suna, don ta mayar, har ta ninka, idan bikin mai kawowa ya zo. A irin wannan gida kowace kyauta tana tafe da nauyin ramawa. Wadda ta tashi cikin wadata kuwa, sau da yawa don hira da nishaɗi take ƙulla ƙawance, shi ya sa za ta miƙa miki turare mai tsada ta manta, ke kuma ki kwana kina lissafin yadda za ki rama.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganin haka ba. A shekarar 2022 masanin tattalin arziki Raj Chetty na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun nazarci abokantakar Amurkawa kimanin miliyan 72 a Facebook, suka gano cewa kusan rabin ratar abokantakar da ke tsakanin talaka da mai kuɗi rashin haɗuwa ne ke kawo ta, ɗaya rabin kuma ko an haɗu a makaranta ko wurin aiki, ƙwarya ce ke bin ƙwarya. Abin lura shi ne, wannan ɗabi'a ta fi rauni a wuraren ibada.

Saboda haka kada ki yar da ƙawayenki na Kurna, amma kada ki rufe wa sababbi ƙofa, domin ta hannun irinsu ake yawan jin labarin gurbin aiki ko makarantar da ta dace da yara. Ki fara da mutum ɗaya wadda kika yaba da halinta, kuma idan ta yi miki alheri, ki rama daidai ƙarfinki, ko da kwanon dambun nama ne da kika yi da hannunki.