Amsa kan gyalen saƙa da ya ƙi buɗewa

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da yamma, ya gida, ya yara, ya sanyin Katsina? To ƙanwata, na saurari saƙonki, hoton ma na gani. Ga waɗanda ba su samu ji ba, ta saƙa gyale ne mai kusurwa uku da tsinke, irin saƙar leshi mai huji-huji. Da ta sauke sai ta gan shi a cukuikuye, zanen ganyen bai fito ba, girman ma bai kai ba. Ta wanke ta rataya a igiya, sai tsakiya ta zazzago, sauran ya koma yadda yake. Tana tambaya: ta warware ne, ko ta bi shi da dutsen guga?

Kada ki warware, dutsen gugan ma aje shi tukuna. Duk saƙar leshi haka take sauka daga tsinke, ko hannun wa ya yi ta. Aiki ɗaya ya rage, a jiƙa shi, a miƙe, a kafe da fil har ya bushe, kamar dai yadda ake miƙe fatar ragon layya a kafe ta. Amma kafin ruwa ya taɓa shi akwai abu biyu da za ki duba, don su ne za su nuna ko wahalar za ta biya.

Na farko zaren. A kasuwa duk curin da kika ɗauka ulu za a ce maki, alhali mafi yawa akrilik ne, wato zaren roba. In takardar da aka naɗo shi tana nan, karanta ta. In babu, yanki kamar tsawon ɗan yatsa daga ragowar, ki riƙe da almakashi a kan faranti, ki ƙyasta ashana. Ulu na gaskiya, gashin tumaki ke nan, ƙaurin gashi yake, wutar ba ta son kama shi, kina janye ashana ta mutu, abin da ya rage kuma kina murzawa ya zama gari. Akrilik narkewa yake, yana baƙin hayaƙi, ya bar dunƙule mai tauri da ba ya murzuwa, kuma kada ki taɓa shi da zafi, yana manne wa fata. Auduga tana ci bal-bal da warin takarda, tokarta fara-fara ce mai laushi. Kowanne da yadda ake bi da shi, zan zo kai.

Na biyu bakin ƙasa, inda kika rufe saƙar. Kama shi da hannu biyu ki ja a hankali. In bakin ya yi tsam ya tsaya alhali hujojin da ke samansa ba su buɗe ba, to kin rufe da ƙarfi, kuma ko fil dubu kika kafa ba zai ba da haƙoran nan masu tsini na bakin gyale ba, sai dai gyalen ya yi ƙoƙo ko zaren ya tsinke. A hotonki ina zargin haka. Maganinsa layin rufewar kaɗai za ki kwance, ki mayar da idanun, wato madaukan zaren, kan tsinke, ki sake rufewa da wanda ya fi kauri, in da mai milimita 4 kika yi saƙar ki ɗauki 5 ko 5.5. Ko ki yi wagga dabara: saƙa ido biyu, mayar da su kan tsinken hagu, haɗe su ta baya su zama ɗaya, ƙara saƙa ɗaya, mayar da biyun, sake haɗewa, haka har ƙarshe. Yana cin zare, ki tanadi kamar na layi uku, amma bakin zai riƙa miƙewa yadda ake so.

Yawwa. To a ce ulu ne.

Tun yana bushe, ki samu zaren auduga mai ƙarfi mai santsi, fari don kada ya zuba, ki zura a allura ki bi dogon bakin nan na sama, wanda ke kwanciya a kafaɗa, kina shiga kina fita ta kowane huji na gefe. Bar rara kamar kamu biyu kowane ɓangare. Jelar zaren da kika soke a cikin saƙa, inda kika fara da inda kika yi haɗi, kada ki datse su yanzu. Sai an gama miƙewa, in ba haka ba ja ɗaya za su zame su fito.

Ruwa kamar lita 5 a roba mai tsabta, mai sanyi ko ɗumi kaɗan wanda hannu ba ya jin zafinsa. Ku kula da ruwan tankin sama, musamman a watan Maris da Afrilu, da rana tsaka tafasa kawai ya rage masa, gara na randa. Ƙaramin cokali ɗaya na shamfun jarirai ya isa. Ban da garin sabulun wanki, ban da sabulun salo, ban da kanwa, bilic kuwa cinye ulu yake ɗungurungum. Dalili, jikin kowane silin gashi akwai 'yan ɓawo-ɓawo da ido ba ya gani. Zafi da sabulu mai kaifi suna tayar da su, in aka haɗa da cuɗawa sai su sarƙe da juna, gyalen ya tsuke ya yi tauri, hujojin su toshe. Wanga kam ba shi da gyara, ko wa kika kai wa.

Saboda haka ki nutsar da shi da tafin hannu, ki bar shi ya sha ruwa minti 20 zuwa 30. Ba ɓata lokaci ba ne, ulu yana da jinkirin jiƙa, in cikin silin bai jiƙu ba ba zai riƙe siffar ba. Ɗauraya da ruwan da sanyinsa ya yi daidai da na farko, kada a fito daga ɗumi a faɗa sanyi ƙarara. In kin ga launi yana fita, zuba babban cokali ɗaya ko biyu na ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe. Wajen fitarwa ki tallabo shi gaba ɗaya a dunƙule, kada ki ɗaga ta gefe guda, jiƙaƙƙen ulu ba shi da ƙarfi kuma nauyin ruwa zai ja shi, abin da ya faru a igiya ke nan. Matse da tafi, ban da murɗawa. Shimfiɗa a babban tawul, naɗe kamar tabarma, ki taka da ƙafa. Danshi ake so, ba ɗiga ba.

Wurin kafewa, katifar soso da ba a kwana a kai ta fi, ki rufe ta da zanen gado da ba ya zuba. In kin samu mai layi-layi ko gida-gida kin huta, layukan za su nuna maki inda kika karkace. Fil kuma, don Allah ba kowanne ba. Fil ɗin ɗaura ɗankwali da yawansu tsatsa suke, tabon tsatsa a farin ulu kuwa sai dai haƙuri. Ki soke biyu-uku a jiƙaƙƙen farin ƙyalle su kwana, in da safe babu ja to ki yi aiki da su. Ki tanadi kamar 100.

Ga yadda ake bi, kuma a nan ne mutane ke ɓata aiki da gaggawa. Fara da bakin sama. Kafa fil a tsakiyarsa daidai, ja zaren audugar nan hagu da dama har ya miƙe sambal, ki ɗaure kowane ƙarshe a fil biyu-uku da kika kafa da ƙarfi, sannan ki baje saƙar a kan zaren, ki auna da tef, hagu da dama su zo ɗaya. Amfanin zaren ke nan, in fil kaɗai kika sa, kowane fil zai ja nasa tsini, bakin ya fito kamar zarto, sai dai ki jera su duk santimita 2. Daga nan ki kama tsinin ƙasa, ki ja layin tsakiya ya sauko a miƙe ba karkata, ki kafa. A irin wanga gyale zurfin yakan zama kusan rabin faɗi: in sama ta ba ki santimita 160, tsakiya ki nemi wajen 80. Sai haƙoran gefe. Kada ki gama ɓangare guda sannan ki koma ɗayan, zai janye layin tsakiya. Kafa na tsakiyar hagu, kafa na tsakiyar dama, sannan ki riƙa raba tsakani kina cikewa, nan ɗaya can ɗaya. Fil ɗin ya shiga ta ido biyu ko uku, ba sili ɗaya ba, kansa kuma ya kwanta waje, nesa da gyalen, don jan kada ya tuge shi. Zagayen farko a sassauce. Ki dawo zagaye na biyu ki ƙara ja kaɗan-kaɗan har hujojin su buɗe, ganyen ya fito. In kin ga idanun da ke kusa da fil sun yi siriri suna neman tsinkewa, kin wuce, sassauta.

Da hunturu, siririn ulu yana iya bushewa kina tsakiyar kafawa, to ki aje kwalbar fesa ruwa kusa. A ɗaki za ki yi, taga a rufe, in ba haka ba ƙura za ta zauna a jiƙaƙƙen zare. Ban da rana, tana kashe launi tana sa fari ya yi ɗorawa. Ko ya yi kamar ya bushe, bar shi ya kwana. Da damina kuwa ba shi kwana biyu da fanka. In kika cire fil da sauran danshi zai koma gidan jiya. Kuma a rufe ƙofa saboda yara, katifa cike da fil ba abin wasa ba ce.

Af, ga masu yi don sayarwa. Mutanen tsibiran Shetland a Sikotilan, masu gyalen nan da ke wucewa ta cikin zobe don siranta, da na garin Haapsalu a Estoniya, a firam na katako suke ɗaure nasu su jingina ya bushe. Kafinta zai iya yi maku, katako huɗu da 'yan turaku a jere, sai dai a goge shi sumul, kuma kada a sa ƙusar da ke tsatsa. Ya fi dacewa da mai kusurwa huɗu.

To in kuma akrilik ne, wanda shi na fi zato, ruwa kaɗai ba ya yi masa komai, kina cire fil ya koma. Shi tururi yake ji. Ki kafe shi a bushe yadda na faɗa, da tawul a ƙarƙashi, fil ɗin kuma ba mai kan roba ba. Dutsen guga mai tururi, ki riƙe shi sama da saƙar kamar santimita 2 zuwa 3, kina tafiya a hankali, kada ƙarfen ya taɓa ko sau ɗaya, narkewa zai yi ya bar sheƙi. In dutsenki ba ya tururi, ɗora jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai, ki shafi ƙyallen sama-sama ba tare da kin sakar masa nauyi ba. Na gawayi ni ban ba da shawara ba, ba a iya daidaita zafinsa, ga tartsatsi. Bar shi ya huce sarai kafin ki cire fil. Ki sani fa, abin da tururi ya yi wa akrilik ya yi ke nan har abada: zai yi laushi ya zuba, hujojin su tsaya a buɗe ko an wanke, amma tsalle da kaurin zaren sun tafi. Ga gyale hakan ma ake so. Duk da haka ki fara gwadawa a ɗan ƙyallen da kika saƙa da ragowar zaren. Auduga kuma a jiƙa a kafe kamar ulu, tana jure ɗumi, sai dai ba ta da dawowa, kada a ja ta da yawa.

Tunda na ga wasu na shirin farawa, bari in ƙara kaɗan. Leshi yana son siririn zare da tsinke mai ɗan kauri: zaren da gram 100 ke ba da mita 400 zuwa 800, tsinke milimita 3.5 ko 4. In zaren ya yi kauri tsinken ya yi siriri, babu kafewar da za ta buɗe shi. Kowane naɗen zare a kan tsinke da ke ba da huji yana ƙara ido ɗaya, dole a samu haɗewa da za ta rage ɗaya, ban da guda huɗun da ke ƙara wa gyalen girma, biyu a gefe biyu a tsakiya, duk bayan layi biyu. Shi ya sa layi 100 ke ƙara ido 200, kuma in kin kai rabin zurfin gyalen, kashi ɗaya cikin huɗu na zare kawai kika ci. Masu ganin sun yi rabi da rabin zare su ne zare ke yanke wa tun kafin su kai baki. Ku riƙa auna curin a sikelin kicin. Sannan duk ƙarshen zane ɗaya, ki zura siririn zare mai wani launi ta cikin idanun da ke kan tsinke ki bar shi nan. Ranar da ido ya zame, sai ki kwance zuwa wurin ki kwashe, maimakon komawa farko. Kuma ku saƙa ɗan gwaji na santimita 15, ku auna, ku jiƙa ku kafe, ku sake aunawa. Ulu yakan ƙaru sosai, gara ki san nawa tun kafin ki zuba wata biyu a kai.

Na ulu duk wanki sai an sake kafewa, saboda haka ba a yawan wanke shi. A ninke shi a farin ƙyalle, ba a rataye ba, kuma a wanke kafin dogon ajiya don asu ya fi bin wanda ke da gumi.

Ƙanwata, ƙona zaren nan yau ki gaya mana warin da kika ji, ki kuma ɗauko mani hoton bakin ƙasan kina ja da hannu, kusa-kusa, in ga ko sai an kwance. Sai na ji ki. A gaida mutan gida.