Amsa ga Hajiya kan babbar tawaga a jirgin ruwan shaƙatawa

Hajiya, kin tambaya ko babbar tawagar da za ta shiga jirgi ɗaya da ku za ta takura muku. Tana iya takurawa ƙwarai, domin kamfani kan keɓe wa irin wannan tawaga zauren taro da sashen ɗakin cin abinci, sai ki sauko da yamma ki tarar da sanarwa a ƙofa, alhali kin biya kuɗinki cif. Babban jirgi yakan shanye su, amma a ƙananan jiragen da ke tsayawa a tashar Tema ko ta Takoradi a Ghana abin ya fi tsanani. Kafin ki biya, ki sa wakilin tafiye-tafiyenki a nan Accra ya tambayo yawansu. Idan sun kusa rabin fasinjoji, ki sauya ranar tafiya.