Ta ina zan fara gyara BMW E36 don wasan dirif, wato zamar da bayan mota da gangan a kwana?

Malam, tunda ƙafafun baya ke jan motar, ka samu tushe. Kada ka fara da ƙara wa inji ƙarfi, nan ne mutane ke zubar da kuɗi a banza. Fara da difaranshiyal, giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya: ka sa LSD, nau'in da ke rage juyawar taya ɗaya ita kaɗai, ko a yi masa walda, tayoyin baya su juya tare. Waldar ta fi araha, amma motar za ta riƙa gurzar taya a ƙananan kwanoni, ga wahalar da aksil. Sai shakazoba masu tauri da sababbin bushin. Tayoyi masu kyau gaba, tsofaffi baya. Ka duba lagireto sosai, E36 ba ta jure zafi. Walda da alaimen kuwa, ka bar wa ƙwararren bakanike. Gwaji sai a killataccen fili, da hular kwano.