Ɗaya ya ce dubu 80, ɗaya dubu 600: nawa ake buɗe shafin intanet?

Tambaya: Salam Malam. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, yawancin kwastomomina na nesa ta WhatsApp muke ciniki, daga Yola, Abuja, har Maraɗi. Yarona ya matsa min wai sai na buɗe shafin intanet. Na tambayi mutum biyu, ɗaya ya ce dubu 80, ɗaya dubu 600. Waye ke son cutata a cikinsu?

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Mai yiwuwa ma babu mai son cutarka, aikin da suka yi maka kuɗinsa ne ba iri ɗaya ba. Na dubu 80 ɗin nan galibi shafi ne na gabatarwa kawai, sunan shago, 'yan hotuna, lambar waya, sai wani maɓalli da za a latsa ya kai mutum WhatsApp ɗinka. Na dubu 600 kuma da alama cikakken kanti yake nufi, inda mutum zai zaɓi kaya ya biya da katinsa ba tare da ya yi magana da kowa ba. To ka koma ka ce kowannensu ya rubuta maka a takarda me da me ke cikin kuɗin.

Amma abin da nake so ka fi riƙewa, kuɗin haɗa shafin sau ɗaya ake biya, akwai wasu kuma da za su riƙa dawo maka duk shekara, kuma su ne masu haɗa shafi ba sa son faɗa tun farko. Na farko sunan shafin, domen ke nan, ba saye kake yi ba haya ce, kamar hayar shagonka na Kwari, shekara ta zagayo baka biya ba wani na iya kama sunan. Mai .com da dala ake lissafinsa, wajen dala 10 zuwa 15 a shekara, mai .com.ng kuma namu ne na gida, wata ƙungiya mai suna NiRA ce ke kula da shi, da naira zaka biya kuma ya fi sauƙi. Na biyu hostin, wato wurin da ake ajiye shafin da hotunansa a intanet, shi ma duk shekara ne. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala a banki ba ta kai naira 500 ba, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, duk wanda hostin ɗinsa ke waje sai da ya ji a jikinsa. Akwai kamfanonin gida irin su GO54, wanda a da ake kira Whogohost, da ke karɓar naira, ka ce a yi maka da su.

In an sa maka kuɗin WordPress ko WooCommerce, wato manhajojin da ake gina shafi da kantin intanet da su, a lissafi kar ka yarda, kyauta suke, aikin haɗawa ne kake biya. Haka ɗan makullin tsaro da ke fitowa gefen sunan shafi, yawanci kyauta yake zuwa da hostin.

Sai maganar karɓar kuɗi ta kati. Paystack misali, kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet, suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a kan ciniki, amma ba ya wuce naira 2,000. Kaga in ka sayar da shadda ta dubu 50, naira 850 ta tafi. Ba yawa, kuma yana raba ka da masu alat ɗin bogi, sai dai ka saka shi cikin farashi, kuma in kana son a sakar maka asusun sosai sai da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Mutumin Maraɗi kuwa da sefa yake tafe, shi dai yadda kuka saba ta hannun 'yan canji zaku ci gaba.

Ni a ganina Alhaji kar ka fara da na dubu 600. Sana'arka ta taya ce, Hajiya a Yola zata ce a ɗauko mata leshin a rana ta ga kalarsa, a buɗe shaddar a bidiyo ta ji ƙararta, sannan ta ce a rage mata dubu biyu, wannan duk shafi ba zai yi mata ba. Ga kaya na canzawa kullum, yau zane ya shigo jibi ya ƙare, waye zai zauna yana ɗaukar hoto yana sakawa yana cire wanda ya ƙare? In babu yaron da aka ware wa wannan aiki da kuɗin data da ɗan alawus ɗinsa, wata uku ya yi yawa shafin zai cika da kayan da babu su a shago, kwastoma ya biya ka koma kana ba shi haƙuri. Ka fara cika katalog ɗin WhatsApp Business da farashi, ka saka shagon a taswirar Google, duk kyauta ne, sannan ka yi ƙaramin shafin nan don baƙon kwastoma ya ga da gaske kake kafin ya tura kuɗi.

Kuma duk wanda zaka ba aikin, a yi rajistar domen da hostin da sunanka da imel ɗinka, ba nasa ba. Mutane da yawa sun rasa shafinsu a haka, mai haɗawa ya canza layi ko an samu saɓani, shekara ta cika babu mai kalmar sirri, shafi ya mutu da sunan da aka riga aka buga a leda da kati. Ka biya rabi a fara aiki, cikon kuma sai ranar da ya zaunar da yaron naka ya koya masa saka hoto da canza farashi, ka shiga da kalmar sirrin da hannunka a wayarka ka ga ta buɗe.