Ƙanena mai buƙata ta musamman ne, an ce sai mun biya kuɗin gadon asibiti kaf: ina mafita?

Ɗan'uwa, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce gurgu ne, an kwantar da shi asibiti a nan Tawa, kuma kuɗin sun fi ƙarfinku.

Ka fara da ofishin jin daɗin jama'a na cikin asibitin, wanda ake ce wa serbis sosiyal, ba wurin biyan kuɗi ba. Mai karɓar kuɗi ba shi da ikon rage ko dala, gardama da shi ɓata lokaci ne kawai. Ka tafi da takardar likita mai tabbatar da nakasar, da takardar shaidar rashin hali daga ofishin magajin gari. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, ta kuma yi musu doka a 2019, don haka ba bara ka je yi ba.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne miƙa takardu na asali. Kwafi za ka bayar, kuma duk jikar da ka biya ka karɓi rasit ka adana.

In an ƙi saurarenka, ka nemi ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, FNPH, su raka ka. In ta kai ga shari'a, hukumar ANAJJ tana taimaka wa marasa hali da lauya kyauta. Ka tambayi ofishinta a kotu.