Hukuncin Ajiye Keken Ɗinki Don Kartar Poker

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kasuwar Barci. Wata 8 ke nan ina buga kartar poker a waya, abin da nake ci ya fi kuɗin ɗinkina. Ba sa'a ba ce, lissafi ne da karantar abokin wasa. Zan iya mai da ita sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ya halatta. Ayar Suratul Ma'ida da ta hana caca ka san ta, ba sai na karanto maka ba. Abu ɗaya nake so ka duba: kuɗin da ka ci, daga aljihun wa suka fito? Kowa a teburin ya zuba nasa, ɗaya ya kwashe, sauran suka tashi hannu rabbana, mai manhajar kuma ya yanki kasonsa. Wannan shi ne maisir, wato caca.

Na san masu cewa in gwaninta ta rinjayi sa'a, wasa ya zama gasa. Maganar ba ta da ƙafa. Shaɗaranji, wato ces, babu rabon kati a cikinsa, tunani ne zalla, amma malaman da suka saɓa a kan buga shi haka kawai ba su saɓa ba a kan haramcinsa in an sa kuɗi. Balle karta, wadda ake raba maka a rufe? Gasar da hadisi ya yarda a sa mata lada kuwa an ambace ta: raƙumi, doki da kibiya. Ƙwarewarka ba ta canja hukunci ba, ta dai nuna ka iya karɓe kuɗin wanda bai kai ka wayo ba, wataƙila magidanci ne a Rigasa da cefanen gidansa.

Sannan ka faɗa mini abin da ka ci, ba ka faɗi abin da aka cinye ka ba, ko Asuba nawa ta wuce ka. Wata 8 ba ma'auni ba ne; kati yakan yi wa mutum kyau tsawon lokaci, sannan ya juya, kuma galibi a lokacin ne ake fara taɓa kuɗin yadin mutane. Wannan nake jiye maka.

Ka tuba, ka goge manhajar yau. Abin da ya rage a hannunka ka mayar wa masu shi in ka san su, in ba ka sani ba ka ba mabuƙata, da niyyar rabuwa da shi. In ɗinki ya ja baya ne, ka zo bayan La'asar mu zauna, kada ka sayar da kekenka.

Wallahu a'alam.